Mai Agwagwa Ba Ya Tayi Sau Biyu

A zangon ƙarshe na karatunmu na kwamfuta a Makarfi, malamin da ke koya mana rubuta manhaja ya shigo aji wata Litinin ya ce bana babu jarrabawar takarda a darasinsa. Aji ya kaure da murna, har da masu buga tebur. Ya tsaya ya bari muka gama tsaf, sannan ya faɗi abin da zai maye gurbinta. Daga nan ban ƙara jin an taɓa tebur ba.

Ya ce akwai manhajojin da masu su ke barin rubutunsu a buɗe a intanet. Kowa na iya shiga ya karanta yadda aka ƙera su, in ya ga inda ya lalace ya gyara ya aika, masu kula da aikin su duba, in gyaran ya yi musu su haɗa shi da nasu. Ya ce mu ɗauke shi kamar gayya, sai dai wannan gayyar ba a dafa wa kowa tuwo. Kowannenmu zai nemi irin wannan aiki, ya zaɓi gyara guda ɗaya, ya yi, a karɓa kafin Juma'ar ƙarshen zango. Wanda aka karɓi nasa ya ci darasin. Wanda ba a karɓa ba sai baɗi, zai dawo ya maimaita, 'yan ajinsa su fita su bar shi. Sati takwas ke nan a hannunmu.

Malamin nan dattijo ne, ba ya dariya a aji, kuma in ka gaishe shi a tsaye sai ya yi kamar da wani kake. Babu wanda ya yi zaton wasa yake yi.

Ni kalmar baɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Babana ya riga ya gaya wa duk mutanen garinmu Furana cewa bana 'yarsa za ta gama. Ya gaya wa liman, ya gaya wa mai injin niƙa, ya gaya wa waɗanda suka tambaya da waɗanda hanya kawai ta biyo da su ta ƙofar gidanmu. Ni ce ta farko a gidan da ta wuce sakandare, shi kuma mutum ne da ba ya iya riƙe farin ciki a cikinsa. In na koma na ce masa sai baɗi, ba zai yi mini faɗa ba, wannan na sani. Zai ce ba komai, sannan ya daina fita zama a dakali har wata guda. Wannan nake tsoro fiye da faɗa.

To amma ni mace ce mai zaɓe. A kasuwar Ikara na taɓa sa mai atamfa ya sauke rabin shagonsa, ƙarshe na sayi wadda ya fara nuna mini, kuma har yau in ya hango ni sai ya shiga gyaran abin da bai lalace ba. Da wannan halin na je wa aikin. Da farko manyan manhajoji na nufa, irin waɗanda ke cikin wayar kowa, don ina so in nuna wa Baba wani maɓalli in ce masa ni na gyara shi. Na buɗe ɗaya, na ga fayil a cikin fayil a cikin fayil, na yi ta gangarawa ban ga ƙarshe ba. Na rufe kwamfutar na je na wanke kayana. Washegari na buɗe wata, ita kuma mutanen cikinta faɗa suke yi da juna da irin Turancin da ba a koya mana ba. Wata ta yi mini ƙanƙanta. Wata launin shafinta ne bai yi mini ba. Sati uku suka tafi a haka, data na ƙonewa, ban rubuta ko layi ɗaya ba.

A ƙarshe na faɗa kan wata 'yar manhaja ta manoma, wadda mutum zai riƙa rubuta ranar da ya yi shuka, da ranar da ya sa taki, da ranar feshi, ita kuma ta riƙa tuna masa. Wannan kam na gane ta, domin abin da Baba ke yi ke nan da gawayi a jikin rumbu. Masu kula da ita ba su da yawa, kuma wanda ya fi amsa wa mutane bai sa hoton fuskarsa ba, hoton agwagwa ya sa. Ban san ƙasarsu ba, ban san shekarunsa ba, ban ma tabbata namiji ne ba. Mai agwagwa na sa masa, kuma haka duk 'yan ɗakinmu suka riƙa kiransa.

A shafin aikin akwai jerin matsalolin da ke jiran gyara. Wasu an liƙa musu koriyar alama, wato na sabbin shiga ne. Ƙa'idar ita ce ka rubuta a ƙarƙashin matsalar cewa kana so, sai a ba ka, don kada mutum biyu su ɓata lokaci a kan abu ɗaya. Cikin masu koriyar alamar na ga wata da ta shiga raina nan take. In mutum ya danna maɓallin ajiyewa sau biyu da sauri, sai manhajar ta rubuta abu ɗaya sau biyu. Tun kafin in gama karantawa na san inda zan taɓa. Aikin yini ɗaya ne, in ma ya yi tsawo.

Daga azahar zuwa la'asar ina rubuta saƙona na farko. Na yi sallama, na tambayi aiki, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambaya ko ruwa ya sauka a wajensu in suna da damina. Na gabatar da kaina a matsayin ƙaramar ɗaliba wadda ba ta san komai ba. Na yaba wa manhajar, na yi wa masu ita fatan alheri. Can a layin ƙarshe na ce ina wucewa ne na ga wannan matsalar, kuma lallai matsala ce mai kyau. Ban ce ina so ba. Yarinyar da ta fito daga gidan mutunci ba ta shiga wurin da ba a san ta ba ta buɗe baki da ina so.

Ko awa ɗaya ba a yi ba mai agwagwa ya amsa. Bai ce uffan a kan iyali ba, bai ce komai a kan damina ba. Layi ɗaya ya rubuta, yana tambayata ko ina so in ɗauka.

Zuciyata ta ce ƙwarai kuwa. Amma hannuna ba zuciyata ce ta rene shi ba, Inna ce. A gidanmu in aka yi maka tayin abu karon farko, ƙi ake yi. In aka sake sai ka ce alhamdu lillahi, yanzu ka tashi daga kan wani. Sai a na uku ne za ka miƙa hannu, kana nuna don kada a ji haushinka ne kawai. Tun ina 'yar shekara biyar na san wannan, na sha mitsini a cinya a gidajen mutane kafin ya zauna mini. Saboda haka na rubuta masa cewa a'a, ba komai, a bar wa manya da suka fi ni sani. Na aika, na ɗauko littafina na tsara amsar da zan bayar in ya sake tayi, da wadda zan bayar a karo na uku. Ta ukun ta yi kyau sosai, har na karanta wa 'yan ɗakinmu.

Abin da ya dawo mini shi ne hoton babban yatsa a ɗage. Shi ke nan. Kafin magariba wani mai hoton keke ya shigo ya rubuta cewa shi zai yi, ba sallama ba komai, aka ba shi. Bayan kwana biyu ya gama, aka karɓa, aka rufe matsalar. Na buɗe gyaran nasa na duba, daidai wurin da na yi niyyar taɓawa ya taɓa.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi da wanda ban san fuskarsa ba. Na zagi agwagwa, na zagi keke, na ce mutanen nan ba su da tarbiyya. Wane irin mutum ne zai yi tayi sau ɗaya ya janye hannu? Kwana biyu ina buɗe shafin ina rufewa, ina jiran ko zai dawo ya ce ai wasa yake yi.

A ɗakinmu akwai ƙawata 'yar Dandamisa, wadda muke girki a risho ɗaya. Ita har lokacin ba ta ko fara neman aikinta ba, ta fi mayar da hankali ga turaren wutar da take sayar wa 'yan mata. Babanta shi ne wanda ake aikawa a garinsu in za a nemi aron gona ko a sasanta maƙwabta, kuma ita gani take ta gaji wannan baiwar. Ta saurari labarina ta girgiza kai, ta ce kuskurena ɗaya ne, da na je da kaina. Abu mai daraja wakili ake turawa. Ta ce in nemo wata matsalar, ita za ta shige mini gaba, ni in zauna a gefe da mutuncina.

Maganar ta yi mini daɗi, don ta nuna ba ni ce mai laifi ba. Na sake kwashe kwana huɗu ina zaɓe, na samo wata mai koriyar alama, inda manhajar ke rubuta wata kafin rana har mutum ya rikice. Ƙawata ta buɗe nata shafin ta rubuta a ƙarƙashi. Ta ce akwai wata 'yar'uwarta mai natsuwa da ƙoƙari, 'yar gidan mutunci, wadda kunya ba za ta bari ta yi magana ba, kuma in da za a dubi wajenmu da wannan aikin da mun gode. Na karanta na ji kamar in yi ƙwalla, ban taɓa sanin haka take ganina ba.

Mai agwagwa ya dubi wajenmu kuwa. Ya ba wanda ya yi magana. Da safe muka ga an rubuta aikin da sunan ƙawata.

Na ce ta koma ta yi masa bayani. Ta ce haba, ai rashin kunya ne babban mutum ya ba ka abu ka mayar masa, kuma ma in ta mayar wa ya san ko mai keke na nan laɓe. Ta ƙara da cewa tunda abin ya riga ya shigo ɗakinmu, bai kamata mu bari ya fita ba. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne ni na zauna na nuna mata inda za ta gyara, don ita ba ta ma san fayil ɗin da kwanan watan yake ba. Aka karɓa cikin kwana uku. Ita ce ta farko da aka karɓi nata a ajinmu, kuma Malam ya sa ta miƙe tsaye ya ce mu yi koyi da himmarta. Kwana huɗu ban yi mata magana ba, muna girki a risho ɗaya, in ina son gishiri sai in nuna da baki.

Saura sati uku. Na zauna na yi wa kaina faɗa, na ce tunda mutanen nan tayi ɗaya suke yi, dole in koyi karɓa a tayi ɗaya, kuma abin da aka koya da mitsini ba zai fita da tunani kawai ba, sai da horo. Na yanke shawara ranar Asabar zan je Kudan gaishe da Gwaggo, yayar babana, kuma duk abin da aka yi mini tayinsa tun daga tasha zan karɓa nan take.

A cikin mota wata mata tana fere rake ta ce mini bismilla, ba ta ko dube ni ba. Na ce na gode, na sa hannu na ɗauki gaɓar da ta gama ferewa. Ta bi gaɓar da kallo har bakina. Sauran raken kuwa ta mayar cikin jaka, kuma duk lokacin da na tauna sai in ji idonta a kuncina. Na daure na shanye, ina gaya wa kaina karatu nake yi.

Na isa gidan Gwaggo bayan azahar, an ci abincin rana an wanke kwanuka an kife. Muka gaisa, ta tambayi Baba, ta tambayi Inna, ta tambayi karatu da mutanen makaranta ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Sannan ta dafa gwiwa kamar za ta tashi, ta ce bari ta zubo mini abinci.

Na ce, "To Gwaggo, zubo."

Hannunta ya tsaya a kan gwiwar. Ta dube ni, na dubi tabarma. Can ta tashi a hankali ta shiga madafa, na ji ana buɗe tukunya ana rufewa, ana buɗe wata ana rufewa, ana buga ludayi a jikin abin da kowa zai ji babu komai a ciki. Daga inda nake zaune ina hango bayan madafar ta gefen labule. Na ga Gwaggo ta zagaya a saɗaɗe ta taka turmi ta leƙa katanga, tana kiran maƙwabciyarta ƙasa-ƙasa. Maƙwabciyar matar wani malamin firamare ce, Kirista daga kudancin Kaduna, sun shekara da shekaru katanga ɗaya. Ba a jima ba na ga kwano ya tsallako. Gwaggo ta juye a nata kwanon, ta goge gefen da bakin zane, ta kawo mini ta ajiye da fuskar wadda ta yini tana girki.

Gwaten acca ne. Gwaggo ba ta taɓa dafa acca ba tun da aka haife ta.

Na ci, don ba yadda zan yi, amma kowane cokali da kunya na haɗiye shi. Ta zauna tana kallona, can ta tambaya ko lafiya nake, ko yunwa ake barinmu da ita a makarantar. Nan na kasa riƙewa, na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga Malam har mai keke da 'yar Dandamisa. Na yi zaton ba za ta gane ba. Ta gane sarai, ta yi dariya har tana share hawaye da gefen ɗankwali, ta kira maƙwabciyar ta katanga ta maimaita mata, ita ma na ji ta tana dariya a can.

Da ta natsu sai ta ce, "Ke yanzu ba ki san abin da ya sa ake ƙi ba? Mu muna tayi ko da babu, don kada baƙo ya ce ba a kula shi ba. Shi kuma baƙo ya ƙi, don kada ya tona mana asiri. Shi wannan mai agwagwar taki, da ya yi miki tayin, akwai abin a tukunya?"

Na ce akwai.

Ta ce, "To ke ce sakarya. Can ki karɓa, nan ki ƙi. Kuma kada ki sake yi mini haka."

Na koma Makarfi na buɗe shafin da niyyar duk matsalar da na fara gani ita zan ɗauka. Sai na tarar masu koriyar alama sun ƙare, 'yan ajinmu da sauran mutanen duniya sun wawashe. Na yi ta gangarawa cikin waɗanda ba su da alama, har na isa kan wata tsohuwa da ta daɗe ba wanda ya taɓa. Wani ne ya yi ƙorafi cewa in sabis ya ɗauke daidai lokacin da kake ajiye abu, manhajar sai ta yi ta juya wani ɗan zobe har abada, abin da ka rubuta kuma ya ɓace. A ƙasa masu kula da aikin sun amsa cewa sun gwada ba su ga matsalar ba, domin su a wajensu sabis ba ya ɗaukewa.

Na yi dariya ni kaɗai har 'yan ɗaki suka waiwayo. A Furana sabis ɗinmu a gindin mangwaron ƙofar gida yake zaune. Taku bakwai zuwa wajen rumbu, ya tafi. In dai rashin sabis ake nema don gwaji, duk duniya ba wanda ya fi ni kayan aiki.

Na rubuta cewa ina so, a ba ni. Ba sallama, ba iyali, ba damina. Da na danna aikawa sai na ji kamar na fita titi ba mayafi, na rufe fuskata da tafin hannu. Kafin in buɗe an ba ni.

Ƙarshen sati biyun da suka biyo baya a gida na yi su. In tsaya a gindin mangwaro in danna ajiyewa, in ruga wajen rumbu da kwamfuta a hannu, in tsaya in ga abin da zai faru, in dawo in gyara, in sake rugawa. Awaki suka saba da ni har suka daina matsawa. Inna ta leƙo sau biyu ta koma, daga baya na ji tana tambayar maƙwabta ko karatun kwamfuta na taɓa kai. Baba kuwa yana dakali yana gaya wa masu wucewa cewa awon sabis nake yi, an turo ni ne musamman. Gyaran da na yi ba wani babba ba ne. In manhajar ta jira kaɗan ba ta ji amsa ba, sai ta adana abin a cikin wayar, ta gaya wa mutum babu sabis, in ya dawo ta aika da kanta. Amma ya ci mini kwanaki, don wannan ba aikin sabbin shiga ba ne, kuma sau da yawa in na toshe nan sai can ya ɓalle.

Ranar Litinin ta satin ƙarshe na aika. Mai agwagwa ya dawo mini da gyara tara, a jere, ba ko sannu. Na yi fushi na awa ɗaya, sannan na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma in faɗi gaskiya duk taran yana da gaskiya. Alhamis da safe na sake aikawa. Alhamis ta wuce shiru. Juma'a na yini ina sabunta shafin har yatsana ya gaji, 'yar Dandamisa tana gefe tana cewa ko ta sa baki, na ce in ta kuskura ta taɓa shafin nan sai na zubar mata da turare a rijiya. Aka yi sallar Juma'a, aka yi la'asar, aka tashi daga ofis. Shiru.

Sai ranar Lahadi da hantsi saƙo ya shigo. An karɓa. Mai agwagwa ya rubuta cewa ya je duba mahaifiyarsa ne shi ya sa bai leƙo ba, ya ce matsalar ta daɗe tana damunsu, kuma ya gode. Ashe yana da uwa, ashe ya iya godiya. Na ji daɗi har cikin raina, amma kwana biyu sun riga sun wuce.

Litinin da safe na tafi ofishin Malam. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na buɗe kwamfuta na ajiye a gabansa. Ya gyara tabarau ya karanta ƙorafin, ya karanta gyarana layi-layi, ya karanta gyara taran da amsoshina, har na ga ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan ya dubi kwanan watan, ya turo mini kwamfutar.

Ya ce, "Juma'a na ce. Yau Litinin. Ba zan karɓa ba."

Sati biyar na yi ina koyon cewa in mutum ya ce e, e yake nufi, in ya ce a'a, a'a yake nufi. Na sha wuya kafin ya shiga kaina, kuma ya shiga sosai. Na ce, "To Malam, na gode." Na rufe kwamfuta na sa a jaka na fita, har na ja masa ƙofa a hankali.

Sai da na bar harabar ofisoshin kuka ya zo. Na je ɗaki na haɗa kayana ban yi wa kowa magana ba, na tafi tasha na shiga motar Ikara zan koma gida, na zauna a baya wajen taga. Saura mutum uku mota ta cika. Ina zaune ina jera yadda zan faɗa wa Baba, in fara da cewa an karɓi aikin, ko in fara da baɗi in gama da shi. Duk yadda na juya maganar, ƙarshenta dai shi ne fuskarsa yana cewa ba komai.

Ina cikin haka na ji ƙarar wani tsohon babur ya tsaya a jikin motar. Malam ne, hularsa ta karkace, takardar makin ajinmu a naɗe a hannunsa. Ya bi tagogin da kallo har ya gan ni, ya ce in sauko. Na sauko.

Ya ce, "Wa ya rene ki?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Tun kafin a haife ki nake koyarwa, ban taɓa ce wa ɗalibi a'a ya ce mini ya gode ba. Na cire murfin biro ina jira ki ce Malam a yi haƙuri, in ce a'a, ki sake cewa, in yi tsaki in rubuta. Na ɗaga kai sai na ga ƙofa. Yanzu ni kike so in roƙe ki?"

Na ce a'a Malam. Ya ce to in yi abin da ya kamata, yana jira, kuma yana da aji ƙarfe goma sha ɗaya.

Nan a tsakiyar tasha, gaban masu rake da 'yan kamasho, na durƙusa na ce Malam a yi haƙuri. Ya kawar da kai ya ce a'a, doka doka ce. Na ce Malam a dubi Allah a dubi iyayena. Ya ce in ya yi mini, gobe kowa ma sai ya zo. Zuwa lokacin fasinjoji sun leƙo ta taga, ba su san kan zancen ba amma sun san inda aka kai. Wata tsohuwa ta ce Malam a taimaka, yarinya ce. Direba ya ce a yi mata afuwa albarkacin iyaye. Na faɗa karo na uku, kuma wannan karon ba don al'ada na faɗa ba.

Ya yi tsaki mai tsawo. Ya warware takardar a kan tankin babur, ya nemo layina da yatsa, ya rubuta. Ya mayar da murfin biro, ya ce aikin ya yi kyau, yana kallon wani wuri can daban. Ya ce in gaishe da babana.

Ya taka babur bai tashi ba, ya sake takawa bai tashi ba, sai da 'yan kamasho biyu suka tura shi. Ina durƙushe har lokacin, shi ya sa idona ya kai kan ƙafarsa. Silifas ɗin alwala ne, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Bai ko tsaya neman takalminsa ba.